Torrijas ɗin nan na Sifen, akwai wacce ta taɓa yi?

Uwargida_Jidda:
Salam 'yan uwa, wata 'yar Sifen da muke aiki tare ta kawo mana wani soyayyen burodi mai zaƙi wai torrijas sunansa, suna yi lokacin azuminsu na kwana 40 har satin Ista, wallahi na ci uku ban sani ba. Ya ake yi dan Allah?

Inna_Makka:
'Yata ba wuya, burodin da ya kwana ake so, sabo narkewa yake. Ki dafa madara da suga da kirfa da ɓawon lemun tsami, in ta huce ki jiƙa yankan a ciki, ki tsoma a ƙwai ki soya da man zaitun, sai ki barbaɗa suga da kirfa ko ki zuba zuma.

Ƙanwa_Madina:
Anti ki dai tambaye ta tukun fa, wasunsu da giyar inabi suke jiƙawa maimakon madara.

Uwargida_Jidda:
Na tambaya, madara ce alhamdulillah. Inna samulin bagala, dogon burodin nan na shagunan Saudiyya, zai yi?

Inna_Makka:
Zai yi, ki yanka da kauri kar ya daɗe a madaran. Ni a buɗa-baki nake haɗawa da lugaimat (ƙananan fanken Larabawa), yara ko ɗaya basa bari.