An yi wa ƙanina dashen fata bayan ƙuna, ya za mu yi kar ciwon ya ruɓe?

Babban Yaya:
Salam jama'a, don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka. Ƙanina ne wuta ta kama wajen zuba wa janareta fetur, ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa ta ƙone sosai, shekaranjiya aka shiga da shi tiyata aka yanko fata a cinyarsa aka dasa a wurin. To yanzu Hajiyarmu duk ta tada hankalinta wai an naɗe ƙafa an bar ta ba a buɗewa ba a wankewa ai ruɓewa za ta yi, ga gwaggonmu kuma ta zo da gashin zomo da zuma wai a saka. Me ya kamata mu yi, me kuma za mu guje wa?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ka kwantar wa Hajiya da hankali, da gangan ake barin diresin ɗin farko kamar kwana 5, wasu likitocin 3. Fatar da aka dasa ba ta da jijiyar jini ko ɗaya a farko, ruwan da ke tsatsafowa daga naman ƙasa take tsotsa na kwana 2, sannan ƙananan jijiyoyi su fara haɗuwa. In aka ɗaga bandeji a wannan lokacin ko ya murza ƙafar a gado, sai ta zame ta mutu, ko ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Don haka ba leƙe, ba susa, kar ruwa ya taɓa, a ɗora ƙafar kan filo, kuma kar ya taka sai likita ya ce.

Gashin zomo kam a'a wallahi, shi da toka da ɗanyen ƙwai da man goge baki, hanyar tetanus ce da ruɓa. Ku ma tambaya ko an masa allurar tetanus ɗin.

Abin da za ku sa wa ido: zazzaɓi, zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wari, ja ko kumburi na bazuwa a gefen bandeji, ko bandejin ya jiƙe da ruwa. In kuka ga kore-kore a jikin bandejin to galibi wata ƙwayar cuta ce mai suna Pseudomonas, ku kira nas a take ko da tsakar dare ne. Kuma kar ku manta da cinyar da aka yanko fatar, ita ma ciwo ce, sau da yawa ta fi ma zafi, tana ɗaukar kwana 10 zuwa 14.

Maman Biyu:
Ni abin da zan ƙara ƴan dubiya ne. Lokacin da ɗiyata ta kwanta da ƙunar ruwan zafi sai da na zama marar kunya, kowa ya zo sai ya zauna bakin gado ya dafa ya ce mu gani, wasu har da mura. Mutum 1 ko 2 su yi jinya, sabulu da ruwa kafin taɓa shi ko zanin gadonsa, a yanke farce, a sa gidan sauro ko don ƙuda. Sai abinci, ƙuna tana cin jiki ba kaɗan ba, ƙwai, wake, kifi, awara, madara, kunun gyaɗa, ko ba ya so a lallaɓa shi kaɗan-kaɗan.

Ɗan Sabon Gari:
Amma Anti ai zuma magani ce, har a asibiti na ga ana sawa. Ni da na ce ma a sai masa Ampiclox a kemis ya riƙa sha don rigakafi.

Anti Nas:
Ana sawa a wasu ciwukan, amma tatacciya da aka kashe ƙwayoyin cikinta, kuma likita ke zaɓa, ba ta kasuwa a kan sabuwar fata ba. Ampiclox ɗin nan kuwa ba ya taɓa Pseudomonas, ƙwayoyin kawai zai koya wa taurin kai. In ana zargi sai a ɗebi ruwan ciwon a kai lab a ga maganin da ke kashe ta. Yana shan sigari ko yana da suga?

Babban Yaya:
Suga babu, sigarin ne dai a ɓoye, Hajiya ba ta sani ba. Na gode ƙwarai.

Anti Nas:
To ka same shi ku biyu ya ajiye, tana tsuke jijiyoyin da muke jira su haɗu. Man kaɗanya ko Vaseline sai wurin ya rufe gaba ɗaya tukuna.