Bashin Chadi: ina hannun majalisa a ciki?

Ɗan Abeche: Salamu alaikum 'yan'uwa. Kullum ana cewa bashi ya shaƙe Chadi. To 'yan majalisa suna da ikon taka wa gwamnati birki kuwa, ko sa hannu kawai suke yi?

Malam Sani Injamena: Wa alaikumus salam. A takarda suna da iko, don dokar kasafin kuɗi da suke zartarwa duk shekara ita ke ba gwamnati izinin cin bashi, kuma ƙa'idar CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka da Chadi ke ciki, ta ce kada bashin ƙasa ya wuce kashi 70 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara. Chadi ba ta ma kai nan ba. Abin da ya kayar da ita yanayin bashin ne. A 2014 kamfanin mai na gwamnati, SHT, ya karɓi kusan dala biliyan 1.45 daga Glencore, kamfanin cinikin mai da ma'adinai, don sayen kason kamfanin mai na Chevron a rijiyoyin mai na Doba, da sharaɗin a biya da ɗanyen mai. Ka ga mai bashi yana ɗibar nasa tun kafin kuɗi su shiga baitulmali, majalisa kuwa saura take rabawa. Da farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, sai saurar ta ƙanƙance, aka fito da matakai 16 na tsuke bakin aljihu, aka zabge alawus ɗin ma'aikata, yajin aiki ya biyo baya.

Hajiya Mai Lissafi: Malam, a ƙara da wannan. Dokar kuɗin mai ta 1999 ta ware kashi 10 cikin 100 a wani asusu don 'yan baya. Majalisar da kanta ta soke asusun a ƙarshen 2005, har Bankin Duniya ya dakatar da ba da rance. Dokar da rinjaye ɗaya ke warwarewa ranar da gwamnati ta matsu, ba ta tsare komai.

Ɗan Abeche: To yarjejeniyar da Chadi ta yi da masu binta bashi a 2022 fa, Hajiya? An yafe ne?

Hajiya Mai Lissafi: Ba a yafe ba, ɗana. Chadi ce ta fara neman tsarin sassauta bashi na G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a Janairun 2021, aka daidaita a Nuwamban 2022, amma da yake mai ya yi tsada a lokacin, jinkirta biya kawai aka yi, uwar kuɗin na nan. Gyaran da nake gani shi ne a rubuta a doka cewa duk bashin da kamfanin gwamnati zai ci da jinginar mai sai ya bi ta majalisa, a kuma buga kwangilar kowa ya karanta.