Mazan Koriya 'yan 40 zuwa 50: ga asibiti ga gwaji, amma jiki ba daɗi, me ke kawo haka?

Bakatsine_a_Ansan:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gareni musamman ga ma'aikatan lafiyan cikinmu. Ina aiki a wata masana'anta a Ansan, Koriya ta Kudu, yawancin ogoginmu maza ne 'yan arba'in da wani abu zuwa hamsin da biyar. Ƙasar nan tun 1989 kowa ke da inshorar lafiya, mu masu aikin ƙarfi duk shekara ake mana gwaji, 'yan ofis duk shekara biyu, in ka kai 40 kuma har na'ura ake zura maka ta baki a duba cikinka saboda kansar ciki tayi yawa a nan, amma wlh mutanen kullum a gajiye suke, ga sigari ga giya ga hawan jini. Wani abokin aikina an rubuta mishi suganshi ya hau, ya ninke takardar ya sa aljihu yace ai ba'a ce yana da ciwon ba. Mutanen da sukayi boko haka, me yasa karatun baya amfanarsu a jikinsu?

Anti_Nas:
Wa'alaikumussalam ƙanina. Iya karatu daban, gane maganar lafiya daban. Mai digiri ma za'a bashi takarda cike da lambobi ya kasa sanin wanne ne abin tsoro. In an auna sugan mutum da safe kafin yaci komai aka ga 100 zuwa 125, yana bakin ƙofa kenan, daga 126 zuwa sama in an maimaita shine ciwon suga. To wannan bakin ƙofar shine lokacin da rage tumbi da tafiyar ƙafa da rage giya suke iya maida mutum baya, shi kuma abokinka abinda kunnenshi yaji kawai shine "baka da shi". Abin tausayi ne wlh. Kuma 'yan Koriya sunfi kowa zuwa wajen likita a ƙasashen OECD, ƙungiyar ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, amma su da kansu suna korafin minti uku ake basu, to a minti uku wa zai zauna ya warware maka takarda.

Ɗalibi_Daejeon:
Anti gaskiya ne amma ni ina ganin da yawansu sun sani sarai, dama ce babu. Akwai abinda suke cewa hoesik, cin abincin dare na ma'aikata, oga ya zuba maka soju, giyarsu ta Koriya, ƙin sha kamar raini ne. Sai a 2018 aka fara rage awannin aiki daga 68 zuwa 52 a sati. Ga kuɗin lesin na yara, ga tsoron a sallameka kana kusan hamsin ka ƙare da buɗe shagon soya kaji. Damuwar ma basa faɗa, namiji yaje wajen likitan ƙwaƙwalwa abin kunya suke ɗaukarshi, kuma ƙasar ce kan gaba a kashe kai cikin OECD, maza sunfi yawa a ciki.

Malam_Zazzau:
Kar dai mu maidasu kamar ba'a ci gaba ba. A 1998 kusan biyu cikin uku na mazansu suna shan sigari, yanzu wajen ɗaya cikin uku ne. An ɗaga kuɗin kwalin sigari daga won (kuɗin Koriya) 2,500 zuwa 4,500 a 2015, aka sa hotunan cuta a jikin kwalin a 2016. Kuma namiji a can yana kai wajen shekara 80.

Anti_Nas:
Hakane Malam, amma tsawon rai da suga da ciwon hanta ai wahala ce. Ƙanina kace mishi ya ɗauki takardar yaje bogeonso, cibiyar lafiya ta gwamnati da ke yankinku, suna da sashen daina sigari kyauta. Ya tambaya abu uku, meke damuna, me zanyi, me zai faru in banyi ba. In da hali matarshi ta rakashi don ita ke riƙe da girkin. Kaima naka sakamakon ka nemi wanda zai fassara maka layi layi tunda da yarensu ake rubutawa.