Masu motocin daji, wane lam (falle-fallen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota) ko resor (sifirin) kuka sa da za ku ɗaga mota?

Mai Hilux, Marwa:
Salamu alaikum jama'a. Hilux Vigo gare ni, kaya nake kaiwa Kusuri, kun dai san hanyar Mora zuwa Waza in damina ta zauna, bara sau biyu cikin motar na kwanciya a taɓo sai da aka ja ni. So nake in ɗaga ta amma kowane makanike da nasa zancen. Dan Allah wanda ya taɓa yi ya gaya mana yadda ta kaya.

Direban albasa, Garwa:
Wa alaikumussalam. Ni dai lam biyu na sa aka ƙara min a baya, na tsohuwar mota da aka kwance. In na loda buhunan albasa lafiya lau take zama daram, amma in na sauke na juyo babu kaya wallahi kamar ka hau jakin da ba a hore ba, balle inda hanya ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, bayan sai ya dinga zamewa gefe. Ranar da na ɗauko gyatuma daga Figil ta ce ita da motar nan har abada. Ƙarshe lam ɗaya na cire.

Alhaji mai Land Cruiser, Njamena:
Ɗan uwa, tambayar farko ba tsawo ba ce, nauyi ne. Tawa 79 ce, irin waɗanda tun 1999 gabansu resor mai naɗi ne, baya kuma lam. Na kamfanin Old Man Emu na sa, na Ostireliya, kuma su kala-kala suke yinsa, akwai na motar da ke yawo wayam, akwai na wadda kullum da kaya a kanta. Da na je saye sai da na lissafa abin da ba ya sauka daga motar, durom ɗin gazuwal, jarkokin ruwa, tayar safaya biyu, ƙarfen gaba. Santimita 5 kawai ta tashi kuma ya ishe ni har Abeshe. Amma ka canza amotisa tare, wato abin da ke rage wa mota girgiza, tsohon gajere ne, in taya ta faɗa rami shi zai riƙa tsayar da ita har ya fashe.

Yaron garaj, Ngaundere:
Alhaji ya faɗi gaskiya, sai dai Vigo ba kamar 79 ba ce, gabanta kowace taya zaman kanta take da kardan ɗinta, wato sandar ƙarfen da ke juya tayar. Maigidana ya taɓa sa wa wata kal mai kauri, wato abin ƙara tsawo, a saman resor ta tashi sosai, mai ita yana ta murna wai ta yi kyau, ba a jima ba robar kardan ta yage, giris ya watse, yashi ya shiga, in ya karya kwana sai ka ji ƙas ƙas ƙas. Gaban Vigo kar ka wuce santimita 5, kuma a yi paralelisim, wato daidaita saitin tayoyi, bayan nan in ba haka ba tayoyin gaba su cinye gefe ɗaya. A duba tiyon birki ma kar ya ɗame.

Direban albasa, Garwa:
Af, na manta. Ko ka ɗaga ta kamar raƙumi, pon ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, yana nan inda yake, resor ba ya ɗaga shi, taya babba ce kawai ke yi. A taɓon Waza kuwa, cikin sawun manyan motoci, pon ne ke fara kamawa.

Mai Hilux, Marwa:
Kai! To ai nawa pon ne ya kama duka biyun, da shebur muka tone ƙarƙashinsa. Na gode ƙwarai. Alhaji, kayana ba kullum ba ne, tafiya da lodi dawowa wayam, wanne cikin lam ɗin kake ganin zan ɗauka?

Alhaji mai Land Cruiser, Njamena:
Matsakaici. Ka fara auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi da kaya da kuma babu kaya, ka turo min lambobin.