Ƙurar hunturu ta shiga kyamarata a Dagona, wa ya taɓa fama da irin wannan?

Bakanon Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Juma'a na kwana a Gashuwa, na yi sammako zuwa Dagona saboda agwagin Turai da sanyi ke korowa fadamar Haɗeja da Nguru duk shekara. Allah ya ba ni sa'a, wajen bakwai da rabi garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya, dinya biyu suka ratsa ta tsakiya, na yi ta dannawa har yatsana ya sage. Da na dawo gida na buɗe a kwamfuta sai gabana ya faɗi. Kowane hoto da ɗigo-ɗigo a sararin sama, wuri ɗaya, ba sa gusawa. Na ƙirga 14, har da wani mai kama da silin gashi. Na goge gilashin gaba, na goge na baya, suna nan daram. Kyamarar marar madubi ce, watanta biyar a hannuna. Ba zan ɓoye ba, sau uku na canza lens, wato bututun gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, a bakin ruwa iska na kaɗawa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Tsohon Mai Hoto:
Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, kyamararka ba ta mutu ba. Ƙurar ba a gilashi take ba, a kan sensa ta kwanta, wato ɗan farantin da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara. Wadda ke gilashin gaba ba ta fitowa a hoto a matsayin ɗigo, sai dai ta dusashe shi in ta yi yawa. Ka gwada da kanka: tsuke ƙofar haske zuwa f/22, ka ɗauki farar takarda ba tare da ka saita gani ba, za ka gan su ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe zuwa f/5.6, yawancinsu za su ɓace. Ina zaton don garken duka ya fito sarai ka tsuke zuwa f/11 ko sama, shi ya tona asiri.

Mu da muka fara da fim ba mu san wannan ciwon ba sosai, don kowane hoto sabon wuri yake samu, ƙura ta tafi da wanda ya wuce. Yanzu faranti ɗaya ne ake ta zuba tuwo a kai ba a wankewa. Kuma ƙurar hunturu ba irin ta tsakar gida ba ce. Mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon tafki, ta yi laushi kamar garin bula amma da ɓarɓashin yashi a ciki. In ka goge ta a bushe da gefen riga, kankare gilashin kake yi. Hura tukuna da ɗan famfon roba na hannu, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Ka tuna abin da ka gani a saman hoto, a ƙasan sensa yake.

Na Bauci:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni a Yankari na koyi nawa darasin. Duk wanda ya shiga motar zagaya daji a watan Janairu ya san yadda ake fitowa, gira da gashin baki jawur kamar an yi wanka da jar ƙasa. Ban canza lens ko sau ɗaya ba ranar, amma da na dawo sai ga ƙura a cikin gilashi, inda hannu ba ya kaiwa. Lens ɗina irin mai jawo nesa kusa ne, 150 zuwa 600mm, wanda hancinsa ke fitowa in ka murɗa. Ashe zugazugin maƙera na riƙe ban sani ba: ka miƙe shi ya zuƙi iska, ka mayar ya feso ta cikin kyamara. Ni kuwa da zumuɗi duk gwankin da na hango sai na murɗa, mota tana tafiya, ƙurar ta gabanmu tana turnuƙe mu.

Yanzu rigar filo nake zura kyamarar a ciki, tana kan cinyata, ba na fito da ita sai direba ya tsaya ƙura ta lafa. Giwayen da na samu a gefen kogin Gaji bara haka na ɗauke su, na jira kamar minti ɗaya ina jin zuciyata kamar ta fito, amma ba su je ko'ina ba. Wani abu kuma, kada ka ajiye jakar kayan goge-goge a ƙasa in ka sauka wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Gwaggon biri ya ɗauke tawa yana zaton abinci ne, ya hau bishiya ya ciji famfon robar, da ya ji ba daɗi ya wurgo min shi da huda biyu.

Mai Babur Ja:
To ni dai bari in tona wa kaina asiri don wani ya tsira. Irin ɗigon nan na gani, sai dabara ta zo min, na kai wa mai faci a bakin titi na ce ya ɗan hura min da injinsa. Wallahi da iskar da feshin mai da ruwan da ya taru a tankin duk suka shiga. Ɗigo shida suka koma tabo kamar an watsa miya. Kuɗin da mai gyara ya karɓa ya isa in sayi famfon roba ashirin. Kuma kada a hura da baki, yawu ya fi ƙura naci.

Ɗan Zamani:
Mai Babur, Allah ya kiyaye gaba, amma na yi dariya har da hawaye. Ni ina ganin kamfanonin sun fara jin kukanmu. Tun kyamarar EOS R ta 2018 Canon ta sa labulen shota, wanda ke buɗewa ya rufe in an danna hoto, ya riƙa rufe sensa in an kashe kyamara, R5 da R7 ma haka. Nikon Z9 ta 2021 da Z8 ta 2023 ba su da shota ta ƙarfe sam, sai aka yi musu garkuwa ta musamman da ke sauka. Sony A7 IV ma tana rufe sensa da labulen shotarta. Sai dai a wasunsu dole ka shiga menu ka kunna da kanka, mutane da yawa suna yawo da shi a kashe ba su sani ba. Bakano, duba taka. Maganar zugazugi kuma, lens ɗin Sony 200-600 da na Nikon 180-600 a ciki suke zum, tsawonsu ba ya canzawa. Wanda kuwa tsuntsu kawai yake bi kuma aljihu bai yi nauyi ba, akwai kyamarar Nikon P1000 da ƙanwarta P1100 ta 2025, lens a manne yake, yana kaiwa daidai da 3000mm, babu ranar da za ka buɗe cikinta. Sensarta ƙarama ce dai, da asuba sai haƙuri.

Bamaraɗiya:
Ɗan Zamani, 3000 ɗin nan ba ta maganin hazo, ni na gani da idona. Kafin harin da 'yan bindiga sunka kai can a 2020 munka tahi Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, wajen raƙuman dawan da sunka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal, yanzu sun haura 600, har an kwashi takwas an kai Gadabeji nan jiharmu ta Maraɗi a 2018. Ranar hazo ya sauka sosai. Na hango uwa da ɗanta ƙarƙashin gawo, na miƙe lens iyakarsa, kyamara ta yi ta kai da komo ta kasa kama su, wanda ta kama kuma toka-toka kamar an shafa koko. Ƙurar da ke tsakanina da su nike ɗauka, ba dabbar ba. Jagoranmu ya ce Hajiya ki sauko mu taka. Munka matsa a hankali har ina jin ƙarar ganyen da take tsinka. A 200mm na yi hoton da ke rataye a ɗakina yau, rana ta zama farin faifai a bayansu, ana iya kallonta. Da mayafina na rufe kyamarar duk tahiyar, ni na sha ƙurar a madadinta.

Tsohon Mai Hoto:
Madalla Hajiya. Ƙari ɗaya ga Bakano: in famfo bai fitar ba, akwai tsinken goge sensa da ruwansa, ka sayi daidai faɗin taka, ka ɗiga ruwan sau biyu a kan tsinken, shafa ɗaya, ka yar. Batir ya zama a cike. Masu sensa mai lilo don hana girgiza, a bi a hankali, kada a danna.

Bakanon Fadama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na shiga banɗaki na yayyafa ruwa a ƙasa na rufe ƙofa, na hura kamar yadda Baba ya ce. Daga 14 saura 3, silin gashin ya tafi. Ukun sun maƙale, na aika a sayo min tsinken, hannuna dai rawa yake tun yanzu. Ɗan Zamani, na duba menu, a kashe yake wata biyar cur. Hotunan kirinjijiyar ina bin su ɗaya-ɗaya ina goge ɗigon a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, na gama 40 cikin 312. Asabar mai zuwa zan koma Dagona da lens ɗaya da rigar filon uwargida, in ta yarda ta ba ni.