Ruwan injin gahawata yana nuna 78, injin ne ko ma'aunin?

Baban Ihsan, Tarauni:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ƙaramin injin esfireso mai tukunya ɗaya, ɗan kwatano, ƙanena ne ya zo min da shi. Garin gahawa giram 18 nake sawa, in tsayar idan ya ba ni giram 36, cikin daƙiƙa 27 zuwa 30. Niƙa ɗaya, gahawa ɗaya ('yar Habasha ce, suyarta ba ta yi baƙi ba), amma yau ta fito da daɗi, gobe tsami kamar an matsa lemo a ciki. Tunda hunturu ya shigo abin ya ƙaru, musamman kofin bayan sallar asuba.

An ce ruwan ya kamata ya kasance tsakanin digiri 90 da 96. Na tari ruwan a kofin tangaran na tsoma ma'aunin zafi na girki, ya nuna 78. Na ari bindigar auna zafi wajen maƙwabcina mai gyaran firij na haska ƙarfen bakin injin, ita kuma ta ce 50 da wani abu. Wanne zan kama? Ko in kai wa mai gyara?

Injiniya na Sharaɗa:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kai shi ko'ina tukuna. Duk biyun ba abin da kake nema suka auna ba. Bindigar nan ba ta jituwa da ƙarfe mai ƙyalli, kullum ƙasa take karanta shi. In ka manna baƙin salatif na masu wayarin a wajen ka haska kansa, za ta matso kusa da gaskiya, amma duk da haka zafin ƙarfe ta gaya maka, ba na ruwa ba. Kofin tangaran kuwa da sanyinsa yake, shi zai fara shanye zafin, ga iskar da ruwan ya ratso, ga ma'aunin girki da nawar tashi. Asarar digiri 10 ko fiye ta nan ba abin mamaki ba ce.

Fara da gwada ma'aunin kansa. Tafasa ruwa a tukunya ka tsoma, kada ya taɓa gindin tukunyar. Kada ka jira 100. Kano tana kusan mita 480 sama da teku, kuma kowane mita 300 yana rage wajen digiri 1, don haka ruwa a nan yana tafasa ne a 98 da ɗan ɗoriya. Abin da ya nuna maka ka rubuta, bambancin shi za ka riƙa ƙarawa ko ragewa.

Sai ka samu kofin soso, farin nan na shan shayi, ka yanke shi ya zama gajere. Huda gefensa kusa da gindi ka cusa bakin ma'aunin. Cire mariƙin gahawar, ka danna bakin kofin a jikin rariyar da ruwa ke fitowa yadda tururi ba zai gudu ba. Saki ruwa sau ɗaya don kofin ya ɗumama, zubar, jira injin ya dawo daidai, sannan ka saki kamar mililita 60 ka kama lamba mafi girma da ta bayyana. In so samu ne, ka nemi mitar masu lantarki mai zuwa da siririyar wayar auna zafi nau'in K, za ka samu a Sabon Gari. Ta fi ma'aunin girki saurin amsawa nesa ba kusa ba. Wasu ma kan ɗora wayar a kan garin gahawar, su bi da ita ta leɓen mariƙin su ɗaure. Wannan ya fi kusa da gaskiya, sai dai a kula, ruwa ne mai ƙuna a matsin bar 9 (wajen ninki tara na matsin iska), in robar da ke toshe bakin mariƙin ta ƙi kamawa zai yi feshi.

Na ƙwararru shi ne na'urar Scace, wadda wani injiniya Ba'amurke, Greg Scace, ya ƙera. Mariƙi ne da aka sa wa abin da ke kwaikwayon garin gahawa wajen tare ruwa, da wayar auna zafi a ciki. Da ita ake gwada injinan gasar masu haɗa gahawa ta duniya. Kuɗinta na iya fin na injinka.

Maman Sultan:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ni a ganina ko ya auna, lambar za ta riƙa yawo ne. Irin waɗannan masu tukunya ɗaya, su Gaggia Classic da Rancilio Silvia, makunnin zafinsu ba ya riƙe lamba ɗaya. Yana kunna wuta sai ta wuce, ya kashe sai ta faɗo sosai, kuma tsakanin sama da ƙasa ana samun digiri 10 ko fiye. Wanda ya saki ruwa a ƙasan zangon shi ke shan tsami.

Baban Ihsan, ga yadda nake yi. In kunna da mariƙin a ɗaure, in bar shi minti 20 cur. Fitilar da ke cewa ya shirya tukunyar kawai ta sani, ba ruwanta da sanyin ƙarfen da ruwan zai bi. Sai in saki ruwa har wutar ta kama, in jira ta ɗauke, in ƙirga daƙiƙa 30, in saki gahawa. Kullum a wannan gaɓar. In ta yi tsami ka rage jiran, in ta yi ɗaci ka ƙara. Taka mai sauƙin suya ce, ta fi son wajen 94 ko 95. Mai baƙar suya ce ke haƙuri da 90.

Abu Sabir, Zoo Road:
Mu masu kan E61 (wani nau'in bakin inji ne, inda ake ɗaura mariƙin gahawa) tamu damuwar a juye take. Ƙirar kamfanin Faema ce ta 1961, tagulla wajen kilo 4, sai ta yi minti 30 zuwa 40 kafin ta ɗauki zafi. A nawa, bututun ruwan gahawa ta cikin tukunyar tururi ya bi, in ya daɗe a zaune ruwan farko yana fitowa yana huci. Sai na zubar har hucin ya tsaya sannan na ɗaura.

Injiniya na Sharaɗa:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai awon ne zai nuna masa daƙiƙa nawa nasa injin ke so, 30 ɗin na nata ne. A ƙara da batun wutar lantarki. Injin da aka ƙera wa wutar volt 230, in ta faɗo 200 abin dumama ruwan kashi 75 cikin 100 kawai zai bayar, farfaɗowarsa tsakanin kofi da kofi sai ta yi nawa. Masu sa PID (na'urar da ke riƙe zafi a lamba ɗaya) kuma su sani, jikin tukunya yake aunawa, ruwan da ke isa gahawa ya fi wannan lamba sanyi da digiri da dama.

Baban Ihsan, Tarauni:
Na gode ƙwarai. Ma'aunina ya nuna 96 a tafasasshen ruwa, wato yana cin digiri 2. Da kofin soso, bayan minti 5 da kunnawa na samu 84, bayan minti 25 kuma 90, wato 92 ke nan in an ƙara. Saura da asuba, lokacin a kan inbata muke. Injiniya, dumamawar minti 20 ba za ta zuƙe min batir ba?

Injiniya na Sharaɗa:
Mintunan farko ne yake ja da ƙarfi, bayan nan kunnawa yake yana kashewa, rabon kashewar ya fi yawa. Duba lambar wat a gindin injin, yawancinsu 1,000 zuwa 1,400 ne, ka faɗa min ƙarfin inbatar taka da yawan batiran.