Premiere Pro na sandarewa idan na sa bidiyon waya, ina mafita?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki da Premiere Pro, manhajar gyaran bidiyo. Laftop ce HP, Core i5 ƙarni na 8, RAM 8GB, faifan ajiyarta HDD mai juyawa. Bidiyon biki ne da aka ɗauka da iPhone a 4K. Da zarar na ja shi kan layin aiki (timeline, inda ake jera bidiyo a yanka) na fara matsawa gaba da baya, sai hoto ya tsaya cak, sauti na tafiya, daga nan manhajar ta ƙi motsi gaba ɗaya. Wani mai gyara a kasuwar Computer Village ya ce in sake Windows. Shi ne maganin?

Mai Kyamara Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake Windows tukuna, da wuya ta nan ciwon yake. Abin da na fi zargi shi ne bidiyon kansa. iPhone na ajiye 4K a tsarin HEVC, wato H.265, wanda aka matse sosai don kada ya cika waya. Kafin kwamfuta ta nuna maka hoto ɗaya sai ta warware wasu da dama na kusa da shi, shi ya sa matsawa gaba da baya ke wahalar da ita. Na biyu, waya ba ta riƙe adadin firam ɗaya, wato hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, yanzu tana 30 a daƙiƙa, anjima ta sauka idan haske ya ragu. Premiere ba ta jituwa da wannan, daga nan ake samun sandarewa da bakin mai magana ya saɓa da sautinsa.

Sauke HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, kyauta ce. Sa bidiyon, zaɓi H.264, a wurin Framerate ka sa 30, ka danna Constant Framerate. Idan a WhatsApp ko Instagram za a kalli aikin, rage shi zuwa 1080p, domin firam ɗaya na 4K ya ninka na 1080p sau huɗu. In kuwa mai biki ya nace sai 4K, yi proxy, wato ƙaramin kwafin bidiyon, a Premiere: danna dama kan bidiyon a cikin Project, Proxy, Create Proxies, ka zaɓi ProRes mai ƙaramin nauyi, sannan ka kunna Toggle Proxies. Da ƙaramin za ka yi aiki, manhajar ta koma kan na asali wajen fitarwa. Ka kuma mayar da ingancin kallo daga Full zuwa 1/4.

Nan gaba ka ce wa mai ɗauka ya shiga Settings na iPhone, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible, ya kashe HDR na bidiyo.

Hajiya Mai Editin:
Haka ne, amma ɗan uwa ka duba da idonka kafin ka kashe ko sisi. Danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe Task Manager, shiga Performance, ka bar shi a buɗe kana aiki. Lokacin da ta tsaya, wanne ya cika? Idan Memory ya haye kashi 90 kuma Disk yana 100, to RAM ta ƙare, Windows ta koma ajiye rarar a kan HDD, shi kuwa da kyar yake wuce 100MB a daƙiƙa. SSD na SATA, faifan ajiya marar juyawa, yana kai wajen 500MB. Adobe da kansu, masu Premiere, RAM 16GB suke ba da shawara don HD, 32GB don 4K, 8GB shi ne mafi ƙanƙanta. A ganina SSD ya kamata ka fara saya, RAM ta biyo baya, kuma ka tabbatar DDR4 ce ta laftop kuma akwai gurbi na biyu a ciki. Rufe Chrome yayin aiki. A cikin Premiere, share tarkace ta Preferences, Media Cache, Delete. Kada ka yi aiki kai tsaye daga filash ko katin memori, kwafa cikin kwamfutar.

Injiniya Obalende:
Saura zafi da wuta, wanda mu na Legas bai kamata mu manta ba. Idan tana aiki lafiya da farko sai ta fara nauyi bayan ta ɗauki zafi, sa HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, ka duba. Furosesa na kusantar digiri 100 za ta rage gudunta da kanta. A buɗe ta a share ƙurar fanka, a sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, kuma a daina ɗora ta kan katifa.

Idan an ɗauke wuta ta koma batir, Windows na rage mata ƙarfi. Jona ta, ka sa Power mode a Best performance. Duba cajar ma: wadda wat ɗinta bai kai na asali ba tana hana ta gudu.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, Disk na 100, Memory 93. HandBrake ta gyara kallo, amma fitar da bidiyon da na gama (Export) na maƙalewa a wuri ɗaya kullum.

Mai Kyamara Idi-Araba:
To akwai wani yanki ko ado (effect) a daidai wurin da ke jawo shi. Lissafa inda ta tsaya a layin aiki, sa alamar farko da ta ƙarshe da maɓallan I da O a gefensa biyu, ka fitar da wannan yankin kaɗai. Idan ya maƙale, cire adon da ke kai, musamman Warp Stabilizer ko Lumetri, ka sake gwadawa. In bai wuce ba, a saitin fitarwa ka mayar da Hardware Encoding zuwa Software Encoding. Zai ɗauki lokaci, don haka ka fara shi sa'ad da wuta ta zauna ko janareta na kunne.